Kyanwata da Maganin Sugan Malam

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga ka, ban da ranar da kyanwata ta tona asirin maigidana. Wannan kam da ita za a binne ni.

A asibitin Ƙanƙara aka ce Malam yana da ciwon suga, bayan wani gyambo ya fito mishi a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa. Likita ya ce in bai riƙe magani ba, yatsan nan sai an cire. Aka ba mu wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya. Kullum sai in kawo mishi nono da 'yar fura, ba suga, in sa mishi ƙwayar a tafin hannu, in koma madafi.

Wata biyu, gyambo sai gaba yake yi. Malam kuwa ya samu abin faɗa a ƙofar masallaci: "Maganin asibiti ai alli ne. Ga shi ina sha ba fashi, me ya yi mini?" Ni kuma sakarya, har kuka nake a ɗaki ina tsine wa likitan da bai ji ba bai gani ba.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki. Mutumin da tun aurenmu yake jifan kyanwa da takalmi, sai ga shi yana rage mata nono a kwanonshi. Na ce Allah sarki, ciwo ya saukar mishi da tausayi.

Wata Laraba likitan dabbobi ya zo duba tumakinmu, sai ga kyanwa ta fito tana tangaɗi, ta zube gindin turmi tana karkarwa. Na sa salati. Ya ɗauke ta ya dudduba, ya ce in kawo zuma, ya shafa mata a dasashi. Ba a jima ba ta ɗago kai.

Ya ce, "Inna, wa ke shan maganin suga a gidan nan?"

Na ce, "Malam."

Ya jawo kwanon nonon Malam, ya lakato wani farin abu a gindinshi. "To, Malam ake ba, amma baiwar Allah nan ke sha. Suganta ne ya faɗi. Magani kam yana aiki."

Malam na zaune kan buzu, carbi ya tsaya cak. Ya ce, "Suɓucewa ƙwayar ta yi."

Na ce, "Wata biyu tana suɓucewa cikin kwano ɗaya, Malam? Ikon Allah! Ranar awo sai in goya kyanwar mu tafi, tunda ita ce mai bin dokar likita."

"Ke, akwai baƙo!"

"Ai baƙon ne ya gano."

Sai daga baya ya faɗa mini, yana kallon bango, wai abokanshi ne suka ce ƙwayar tana kashe ƙarfin namiji. Na ce to madalla, sai su zo su ara maka yatsa.

Yatsan bai tsira ba, an cire shi. Ƙafar dai Allah Ya bar mishi ita, don daga ranar bai sake fashi ba.

Abin da na koya, "na sha" ba shaida ba ce, ko da daga bakin mai furfura ta fito. Yanzu tsayawa nake a kanshi da kofin ruwa, sai na ga maƙogwaro ya motsa, sannan in ce, "Buɗe baki, ɗaga harshe." Yana hararata, yana ɗagawa.