Alhaji Abdulƙarim Mabai da Gayyar Gonar Tani

Ranar Talata, 20 ga Yuni, 1978, tsakanin azahar da la'asar, Allah Ya karɓi ran Alhaji Abdulƙarim Mabai a zauren gidansa. Ina wurin, kuma abin da na gani kaɗai zan faɗa. Mun dawo ne daga duba wata gona a bayan gari. Ya tuɓe takalmansa, ya zauna a kan buzu, ya nemi ruwa. Ya kurɓa kaɗan, ya ajiye moɗar, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi. Babban ɗansa, Nata'ala, ya tallafe shi ya kwantar da shi ta gefen dama. Na ji kalmar shahada daga bakinsa a fili. Abin da ya biyo baya motsin leɓe ne, ba zan ce na ji shi ba. An yi masa sutura kafin magariba. Na Allah muke, kuma gare Shi makomarmu take.

Ni jami'in jin daɗin jama'a ne mai kula da ƙungiyoyin taimakon kai da kai na yankin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Aikina in karɓi buƙatunsu, in je in gani da idona, sannan in kai bayani gaban kwamitin da ke raba tallafin gwamnati. A 'yan shekarun nan da arzikin mai ya yalwata, kusan kowace ƙungiya gini take nema, ko injin niƙa, ko rufin kwano. Ban ga laifinsu ba. Amma da Alhaji ya zo mini bayan farin da aka yi, a matsayinsa na shugaban ƙungiyar taimakon marayu ta Mabai, abin da ya nema gero ne, da nono, da awakin yanka.

Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam Salihu, gayya ba ta mutu ba, tsada ta yi. Wanda ya kira ta shi ke ciyarwa. Matar da miji ya rasu ya bar mata ɗiya da rumbu rabi, da mi za ta ciyar da majiya ƙarfi? Samarin duk sun tahi aikin kamfani, ɗan ƙwadago kuwa ya fi ƙarfinta. Sai ta yi shiru, ciyawa ta cinye geron, kaka ta yi a rarraba yaran gidajen dangi."

Da na kai maganar gaban kwamiti, wani ya tambaya cikin raha ko yanzu gwamnati ta shiga sana'ar dama fura. An yi dariya, an kuma amince. Tun daga nan ana sabunta tallafin kowace shekara.

Alhaji, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda ka tsara aikin. Ba ka taɓa dafa abincin gayya a gidanka ba. Gidan matar ake kai hatsin, ita da maƙwabtanta su daka, a dafa a tukwanenta. Ita ke aika goro ga sarkin noma, da sunanta ake kiran mutane, kuma a bakin gona makaɗi ya yi wa ita da marigayin mijinta kirari. Kai kuwa sai ka zo da fartanyarka kamar kowane gayyatacce, ka zauna a inuwa a miƙo maka ƙwaryar fura, ka yi godiya. Yaran gidan suna ganin uwarsu ta ciyar da gari. Na ziyarci ƙungiyoyi da yawa daga Sheme har Yargoje, ban ga inda aka kiyaye mutuncin mai karɓa haka ba.

Gonar da muka dubo ranar rasuwar ta Tani ce, wata Bamagujiya da mijinta Mati ya rasu da rani, ya bar mata yara huɗu. Geronta ya tsiro da kyau, amma ciyawa ta fara kamo shi. Dangin mijin sun riga sun yi magana cewa in gonar ba ta yi ba bana, za su raba yaran a tsakaninsu. A can muka tarar da ƙanen mijin, Ɗanhausa.

Ya ce, "Alhaji, mu dai gayyarmu ba ta tashi sai da tulun giya. Da fura fartanya ba ta ci."

Alhaji ya ce, "Kai ne ba ka ci da fura, Ɗanhausa, fartanya ba ruwanta. Zan aiko da bunsuru. In ka ƙoshi da nama ka kasa kai bakin gona, ga malamin gwamnati nan tsaye, sai ka kai ƙarata."

Tani ta juya fuska tana dariya. Aka tsayar da Asabar ranar gayya.

Bayan jana'iza wata matsala ta fito wadda ba wanda ya hango ta. Hatsin ƙungiya a gidan Alhaji yake, cikin rumbunan da ke jere da nasa, ba wata alama da ta bambanta su, domin shi ya san kowane. Liman ya ce kada a ɗebi ko zangarniya daga dukiyar mamaci sai an tantance amana daga gado, tunda akwai ƙananan yara cikin magada. Maganarsa daidai ce, kuma ba ni da hurumin ƙetare ta. Tantancewar kuwa sai shaidu sun hallara, ciyawa kuma ba za ta jira su ba. An yi ruwa mai yawa ranar Laraba. Ɗanhausa ya zo gaisuwa, ya zauna a gefen tabarma, ya tashi bai ambaci gona ba. Na lura Nata'ala bai iya haɗa ido da shi ba.

Ranar Juma'a, bayan an shafa addu'ar uku, na ga an fito da dammunan gero daga cikin gida an ɗora wa jakuna, ana jan bunsuru a baya. Na fahimci liman da magada sun sami mafita an ɗebi hatsin ƙungiya. Washegari yawancin waɗanda suka zauna zaman makoki suka saɓi fartanya. Ba a yi kiɗa ba. Musulmi da Maguzawa suka jeru a gona ɗaya, Nata'ala a gaba, Ɗanhausa a gefensa. Tani da kanta ta raba abinci. Kafin la'asar an gama noman. Da muka tashi tafiya, Ɗanhausa ya ce mini, "Malam, ka gaya musu can sama, yaran suna nan wurin uwarsu."

Zan gaya wa kwamiti, zan kuma roƙi a ci gaba da tallafin. Shawarata ga sauran ƙungiyoyi ita ce su gina rumbunsu daban, a wurin da kowa ya sani.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abdulƙarim, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa abin da ya ciyar ya tarbe shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidansa Hajiya Fatsuma, da Nata'ala da ƙannensa, da 'yan ƙungiya, da jama'ar Mabai baki ɗaya. Allah Ya ba su haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.

Salihu Gide Sheme

Gyara: na rubuta cewa hatsin ƙungiya aka ɗiba ranar Juma'a. Na ga fitarsa ne kawai, ban ga rumbun da aka buɗe ba. Nata'ala ya karanta wannan rubutu, ya ce ba haka aka yi ba. Rumbunan mahaifinsa suna nan a rufe yadda liman ya ce. Geron na Hajiya Fatsuma ne, daga gonarta ta kanta, bunsurun ma kiwonta ne. Daga ɗakin takaba ta ba da umarnin a kai wa Tani.