Ranar da Inna Sa'adiya Ta Ƙi Zuwa

Shekara ashirin da uku Inna Sa'adiya ta yi tana wanke gawar mata da 'yan mata a unguwar Hausawa ta Garwa. A tsawon shekarun nan ba a taɓa aika mata ta ce ba ta zuwa ba, sai ranar da Zulai ta rasu.

Zulai 'yar Rahamatu ce, shekararta shida. Ƙyanda ce ta ɗauke ta a tsakiyar zafin Afrilun 1972. Ubanta Jibril, direban motar auduga, shi da kansa ya je ya yi sallama a ƙofar Inna Sa'adiya da hantsi. Ta fito har zaure, ta saurari saƙon, ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta ce, "Ku nemi wata." Ta koma ciki.

Babu wata a unguwar. Dole Rahamatu da ƙanwar mijinta suka yi wankan, Malam Iliyasu limamin unguwa yana tsaye a bayan zana yana faɗa musu yadda ake yi. A naɗe hannu da ƙyalle, a fara da dama, a yi sau uku, ruwan ƙarshe da kafur. Kada hawaye ya ɗiga a jikinta. Rahamatu ta bi umarnin ɗaya bayan ɗaya, ba ta kuskure ko guda ba.

Da aka watse daga zaman makoki, sai tambaya ta zauna mata a ƙirji. Rahamatu ba a unguwar aka haife ta ba. A kan duwatsun wajen Mokolo aka haife ta, sunanta na yanka Véronique, kuma har gobe uwarta Christine tana saukowa kasuwa da gyaɗa, da ƙaramin gicciye a wuya. Ta yi karatu a makarantar mishan, ta zama malamar lekol, wato makarantar boko, ta musulunta, ta auri Jibril. Shekara tara tana zaune da matan unguwa lafiya, ko da yake ta sha lura da yadda hira ke sauya hanya idan ta iso bakin famfo. Yanzu ga shi matar da ba ta taɓa ƙin kowa ba ta ƙi 'yarta. Rahamatu ta yanke wa kanta hukunci ba tare da ta gaya wa kowa ba: idan don jininta aka ƙi wanke Zulai, to ta gama zama a Garwa, za ta koma dutse wurin uwarta.

Amma ita mace ce da ba ta ba ɗalibi sifili sai ta karanta takardarsa har ƙasa. Sai ta shiga bincike.

Tarihin Inna Sa'adiya ba ɓoyayye ba ne. Ubanta falke ne na goro da ya biyo Binuwai ya yada zango a Garwa bai ƙara gaba ba. Ta yi aure sau biyu, ta haifi bakwai, ɗaya ya rayu. Sana'arta sabulun salo, tana dafa shi a bayan ɗaki, shi ya sa kullum hannunta yake a tsattsage. Wankan gawa kuwa wurin gwaggonta ta gada. Bakinta ba ya raga wa kowa. Ta taɓa ce wa Malam Iliyasu huɗubarsa ta fi layin asibiti tsawo. Amma a kan waɗanda ta wanke, ba a taɓa jin ko kalma ɗaya daga bakinta ba.

A bakin famfo kowa da nata bayanin. Wata ta ce wani abu Inna ta gani a jikin wata gawa, ya taɓa mata kai. Wata ta rage murya ta ce masu daɗewa a wannan aiki ba a rasa su da maita. A zamanin mulkin shugaban ƙasa Ahijo ne, mutane sun saba waigawa kafin su yi magana ko a kan tsadar gishiri, don haka Rahamatu ba ta iya bambance wadda ke ɓoye mata gaskiya da wadda ke jin tsoro kawai ba. Ta je ɗakin shan magani wurin Françoise, nas ce, tare suka yi makarantar mishan.

"Ɗanta ya kawo ta, na duba ta sama da ƙasa," in ji Françoise. "Jininta lafiya, ƙirjinta lafiya. Gajiya ce. Na ba ta bitamin."

"Gajiyar da ta zaɓi ranar 'yata?"

"Véro, ni jiki nake aunawa."

Bayan mako biyu matar wani attajiri ta rasu, Bahaushiya gaba da baya, aka aika wa Inna, ta sake cewa a nemi wata. Jibril ya ce, "Kin gani? Ba ke kaɗai ba ce. Bar tsohuwar nan ta huta."  Rahamatu a ranta cewa ta yi, wanda ke son ɓatar da sawu ai haka zai yi.

Abu ɗaya ne ya ƙi shiga mata lissafi. Kowa na cewa aiki ne ya yi wa Inna yawa saboda ƙyanda. Amma shekara biyar baya, lokacin sanƙarau, an yi ranar da Inna ta wanke mutum shida tsakanin asuba da la'asar, washegari kuma aka gan ta tana dama sabulu tana zagin akuyar maƙwabta. Ƙyandar bana ba ta kai rabin wannan ba. Da Rahamatu ta bi abin baya, sai ta ga canjin ya girmi ƙyandar. Wajen shekara biyu ke nan Inna ta daina tsokanar mutane. Ta fara zuwa a makare. Sau ɗaya ma ta manta kafur.

Ranar Laraba, kwana arba'in da ɗaya da rasuwar, Rahamatu ta ɗaure kayanta cikin zane biyu ta tura ƙarƙashin gado, domin motar Mokolo ranar Alhamis take tashi. Bayan la'asar ta tafi gidan Inna. Ta same ta zaune a gindin darbejiya, tukunyar sabulu a kife, kaji na kiwo a kan tukunyar.

"Metires," in ji Inna, don haka take kiran malamar lekol. "Kin zo duba min aikin gida ne?"

"Tambaya na zo yi, Inna."

"Ku malaman lekol ba ku tambaya sai abin da kuka riga kuka san amsarsa."

"Wannan ban sani ba. Don sunan uwata Christine ne kika ƙi wanke min 'ya?"

Inna ta kore wata kaza da ƙafa. Ta ce, "Na wanke Fulani, na wanke Barebari. Na wanke wata da aka tsinta a bakin tashar jirgin ruwa, har yau ba a san garinsu ba. Ban taɓa tambayar gawa sunan uwarta ba."

"To me ya hana ki?"

"Na gaji."

"Shekarar sanƙarau ba ki gaji ba."

"Shekarar sanƙarau Dudu tana nan."

Rahamatu ta san Goggo Dudu, wata siririyar Bafulatana mai bin Inna da buta. Mai wanka hannunta biyu suna kan gawa, sai da wadda za ta riƙa zuba mata ruwa. Shekara biyu ke nan da ɗan Goggo Dudu ya zo ya tafi da ita Mindif saboda ciwon ƙafa. Ba wanda ya ɗauki tafiyarta wani abu, tunda kowane gida akwai buta.

"Kowa ai zai iya zuba ruwa," in ji Rahamatu.

"Haka kowa ke cewa." Inna ta gyara zama. "Ranar da gwaggona ta sa ni a aikin nan, abu ɗaya ta ce in rantse a kai. Abin da na gani a ɗakin wanka amana ne. Ba miji, ba ɗa, ba malam. Na riƙe. Amma mai zuba ruwa ita ma ta gani, ba asirin da zan tona mata. In mun gama, ba ma bin hanyar gida. Sai mu zaga ta bakin kogi, mu zauna mu wanke ƙafa. In ce, Dudu, kin ga bayan yarinyar nan? Ta ce, na gani. Ita da Fulatanci, ni da Hausa. Wata rana mu yi kuka, wata rana ta ce min hancina ya yi kamar na raƙumi. Shi ke nan fa. Sai in tashi in je in dafa sabuluna."

"Da ta tafi fa?"

"Da ta tafi sai kowane gida su ba ni 'yar'uwar mamaciya. Tana zubawa ido a rufe, rabin ruwan a ƙafata. Ita zan ce wa kin ga abin da aka yi wa yayarki? Sai in fito ni kaɗai, in wuce gida da su. Duk suna nan." Ta taɓa ƙirjinta. "Sau uku ina cewa a taron suna wata ta zo ta koya. Sai su ce, Inna, ai ke Allah ya ba hannu. Yabo kam na sha shi. Ranar da mijinki ya ce Zulai, yarinyar da ke leƙo min ta katanga tana cewa sabuluna na wari, na duba ban ga inda zan ajiye ta ba."

Rahamatu ta auna maganar. Ta yi kama da gaskiya, amma ita malama ce, ta sha jin ƙarya mai kyan tsari daga bakin yara 'yan shekara goma. Tana cikin wannan tunani sai ta ji bakinta ya faɗi abin da ba shi ta zo faɗa ba, abin da ta kasa gaya wa Jibril kwana arba'in.

"Akwai sauran lalle a ƙaramin yatsanta. Na yi ta gogewa, sai daga baya na tuna ba datti ba ne."

"Ban gani ba," in ji Inna. "Amma ci gaba."

Ta ci gaba har aka kira magariba.

Ranar Alhamis motar Mokolo ta tashi ba da ita ba. Kayan dai ba ta kwance su ba, domin akwai gwaji ɗaya da ya rage. Ranar Asabar wata tsohuwa ta rasu a bayan masallaci. Rahamatu ta ɗauki butar gidanta ta je ta tsaya a zauren Inna. Idan Inna ta ƙi yarda hannun 'yar dutse ya zuba ruwa a kan gawar Musulma, ta sami amsarta.

Inna ta fito, ta dubi butar, ta dubi mai butar.

"Wannan ai bakinta ya yi faɗi," ta ce. "A hankali ake zubawa, Metires, ba gobara za ki kashe ba. Ɗauko min ganyen magaryar can."

Da suka gama, Inna ta karkata ta kama hanyar kogi, Rahamatu na biye. Ruwan Binuwai ya ja baya sosai a wannan wata, sai da suka taka yashi mai zafi kafin su kai gare shi. A daren ranar Rahamatu ta kwance zannuwan nan biyu ta mayar da kayan cikin akwati.

Inna Sa'adiya ta ƙara shekara takwas tana aikin. Ba kullum ba. Akwai ranakun da take cewa yau ba ta iyawa, kuma zuwa lokacin akwai wasu mata biyu da Rahamatu ta matsa wa har suka koya. Ba ta taɓa neman gafara a kan Zulai da baki ba, Rahamatu ma ba ta taɓa cewa komai ya wuce ba. Matan famfo kuwa sun sami sabon abin faɗa, suna tambayar juna me ke kai mutum biyu bakin kogi bayan kowace jana'iza.

Ta rasu a damunar 1980. Rahamatu ce ta wanke ta, ɗaya daga cikin matan nan biyu tana zuba ruwa. Da suka fito, matar ta nufi hanyar gida. Rahamatu ta riƙo mayafinta ta ce, "Ba ta nan za mu bi ba."