Rigar Sanyin Tsohuwar Yukren

Ko da tsufa zai kwashe min tunani, ba na jin zai kwashe shekarar da rigar wata tsohuwa ta hana ni sukuni. Ni dama haka Allah ya yi ni: in allurar maƙwabciya ta kwana a ɗakina, sai in ji kamar dutse aka ɗora min.

'Yata ta fari ta tafi Yukren karatun likita. Haya take yi a gidan wata tsohuwa 'yar fansho, mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika. Yarinyar takan ce fanshon matar ko magani ba ya isarta, kullum dankali da kabeji. Da yaƙi ya ɓarke, ɗalibai suka kama hanyar iyaka, wani wurin a ƙafa, cikin ƙanƙara. Tsohuwar ta cire rigar sanyinta, doguwa mai nauyi, ta saka wa 'yata, ta ɓalla mata maɓallan da hannunta.

Ranar da yarinyar ta iso gidanmu a Ƙofar Kibo, mata suna ta guɗa, ni kuwa idona yana kan rigar. Na ja ta gefe na ce, "Tsohuwar tana da wata rigar?" Ta ce, "Umma, ita kaɗai na taɓa gani a jikinta."

Daga nan hankalina ya tashi. A wurinmu in aka kawo maka abinci ba ka mayar da kwano haka nan. Na wanke rigar, na goge, na turara ta, na cika aljifan da dabino, na haɗa da dambun nama a leda. Na shiga yawon wuraren aika kaya a Sabon Gari. Wannan ya ce ba hanyar zuwa garin, wancan ya ce nama ba ya tsallake iyaka. Wani da ya faɗi farashi, sai na nemi benci na zauna. Kullum in dawo da ƙullina a kai, ƙafafu a kumbure.

Maigida ya ce, "Ke dai ba kya gajiya. Matar nan kyauta ta yi." Na ce, "Malam, wanda ya yi kyauta ana harbi bai samu damar tuna kansa ba." Har wurin limamin unguwa na je, na tambaya ko sadaka tana halatta ga wadda ba Musulma ba. Ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, sanyi yana tambayar addinin mutum kafin ya kama shi?"

Damina ta wuce. 'Yata, da ke zaune a gida karatu ya tsaya, ta ce can ƙanƙara ta kusa sauka, ga wayar tsohuwar ba ta shiga. Na rame, jinina ya hau. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Wusasa da ke auna ni ta matsa min da tambaya, na kwashe labari na gaya mata. Ta ce akwai masu kai wa tsofaffin 'yan fansho na can itace da bargo da magani, kuma mutanen cocinsu sun san hanyar aika musu. "Mama, riga ba za ta je ba, amma itace zai je."

Matan unguwa suka yi min gudummawa kamar ta biki. Wata tana kwance bakin zanenta tana cewa, "Wai Turawa ma suna talauci?" Muka aika, muka shiga jira. Ni kuma na koma tunanin ko an ɓatar da adireshin, ko an kai wa wata.

Wata rana bayan la'asar 'yata ta shigo a guje da waya. Masu taimakon ne suka yi kiran bidiyo daga gidan tsohuwar. Na ga tsohuwar, 'yar ƙarama, ta lulluɓa da sabon bargo, ta ɗaura kallabi kamar tsofaffinmu. Na ɗaga rigar na ce a gaya mata wallahi na yi iya ƙoƙarina in mayar. Ta tsuke fuska ta yi doguwar magana. 'Yata tana dariya tana share hawaye ta ce, "Umma, ta ce ba aro ta ba ni ba. Ta ce wai garinmu babu tsohon da ke jin sanyi ne, da muka ajiye riga tana kallonmu?"

Nan take na tuna da wani. A bayan gidanmu akwai tsohon malamin da ya koyar da ni a firamare. Ya yi ritaya, kullum yana hanyar zuwa wurin da ake tantance 'yan fansho. Sau nawa nake ganin shi da sassafe cikin 'yar shara, ya ƙanƙame jiki? Washegari na kai masa rigar. Ya saka, ta kai masa har idon sawu. Ya ce, "'Yar nan, wannan ai bargo ne mai hannu." Ya zura hannu a aljihu, ya ciro dabino.

Tun daga kiran nan ba mu sake samun tsohuwar ba. Ban san ko tana raye ba, kuma har yau abin yana cin raina. Amma ta koya min abin da ban sani ba: wani kwanon ba zai taɓa komawa gidan da ya fito ba. Sai dai ka cika shi, ka miƙa wa wanda yake kusa da kai.