Ranar da Aka Aiki Zuhura Gulma

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin Barista Kalilu a Argungu ya san Zuhura, kuma da wuya ka samu mai yabonta. Ita ce sakatariya tun tana budurwa, ga shi har ta aurar da 'ya. Ba ta dariya, ba ta amsa doguwar gaisuwa. In ka zo da fara'arka, da abarka za ka koma. Amma wajen aiki kam, ko maƙiyinta ya sallama mata.

'Yar garin Gulma ce. Saboda ita ƙanin mahaifinta, Baffa Illo, ya kawo wa Kalilu shari'arsa, lokacin da wani attajirin shinkafa ya tashi cinye masa fadamar da ya gada. A Gulma ba a ma cewa Kalilu, sai dai "lauyan Zuhura".

Ana nan sai Kalilu ya amince ya haɗe ofishinsa da na Barista Mujtaba na Birnin Kebbi, aka ɗora wa Zuhura tafiyar da haɗakar. Ta ga takaici iri-iri. Manyan lauyoyi biyu suka shafe makonni suna jayayya kan sunan wa zai zo farko a allo, kamar yara a kan kan kifi. Ma'aikatan Mujtaba na kiranta 'yar ƙauye a bayan ido, ita kuwa a gaban ido take kiransu malalata. Duk da haka ta tsara komai, daga ranar kwashe kaya har zuwa wace shari'a za ta koma hannun wa.

A nan tsiyar ta ɓullo. Ashe attajirin nan Mujtaba ne lauyansa, ofis ɗaya kuwa ba ya tsaya wa mai ƙara da wanda ake ƙara.

"Yallaɓai, a sake su duka biyu mana," in ji Zuhura.

Mujtaba ko kallonta bai yi ba. "Wanga mutum ba shi sakuwa." Ke nan attajirin za a riƙe, a saki Baffa Illo.

Kalilu, wanda ta yi wa bauta shekara da shekaru, ya sunkuyar da kai kamar munafuki. "Ke ad ɗiyatai, Zuhura. Ke za ki gaya mai. Magana daga bakin na gida ta fi sauƙin haɗiya."

Ta tsane shi a lokacin, tsana ta gaske. Amma aiki aiki ne, ta hau kabu-kabu.

Ta iske Baffa Illo cikin fadamar, ruwa har ƙwauri, yana dashe. Ta durƙusa a bakin kunya ta gaya masa komai, ba ta rage ba, ba ta sa zuma ba.

Tsohon ya miƙe a hankali, dashen na ɗiga a hannunsa.

"Ni ban san Kalilu ba. Ke nis sani. Ke kinka ce in kawo, nik kawo. Zaman kotu na nan tafe, wa za shi tsaya mani?"

"Baffa, za a nemo wani."

"Wa za ya nemo? Ke?"

Kunya da baƙin ciki suka cika ta.

Baffa Illo ya duƙa ya ci gaba da dashensa.

"Tahi ki ce musu kin isar da saƙo. Amma ki bi ta bayan gari. Ban son ɗiyana su gane ki."