Fatar Kada a Tsakar Gidanmu

Har yau idan na ji warin ɗanyar fata sai in tuna gidanmu na Omdurman, a Sudan. Bayan magariba Habboba, mahaifiyar babanmu, takan jawo murhun gawayi gaban gadonta mu kewaye ta. Tatsuniyarta kusan guda ce, mun haddace ta tsaf, amma wa ya isa ya ce ta canza?

Ta kogin Kaduna ce, can ƙasar Hausa, inda babu wanda ya taɓa zuwa cikinmu. Takan ce daga duwatsu yake gangarowa, kadoji kuma sun yi masa yawa har suka ba shi suna, don mutanen da "kadduna" suke ce musu. Wai kakan kakanmu ya kamo hanyar Makka, mahara na biye da shi, ya iske kogi ya cika ya batse. Wani tsohon kada ya ba shi baya, ya haye da shi. Nan ya rantse jininsa ba zai taɓa kada ba, nama ko fata.

Baba baduku ne, markub yake ɗinkawa, takalman fata na Sudan. A zamanin soja aka matsa masa sai ya kawo takardar jinsiyya, shaidar zama ɗan ƙasa, ko a ƙwace rumfarsa ta kasuwa. Ya yi sintiri har ya gaji. Sai wani hafsa ya ce zai sa hannu in an ɗinka masa takalmin fatar kada, ya kuma aiko da ita ɗanya.

Baba ya shimfiɗa ta tsakar gida ya zuba gishiri. Ga ƙudaje, ga kitse na narkewa a rana. Kwana uku na ƙi cin abinci. Da yamma muka taru, Habboba ta dubi fatar ta tofar da yawu.

"Yumma, ya zan yi?" in ji Baba ga mahaifiyarsa. "Yaran nan a wuyana suke."

"Ban ce komai ba, ya waladi, ɗana. Da ma kada ne ya goya mu. Ga shi ya sake goya mu."

Takarda ta fito, rumfa ta tsira, Habboba kuwa ba ta ƙara ambaton Kaduna ba har ta rasu.

Na daɗe ina ƙyamar Baba kafin na gane hafsan ne abin ƙyama, shi da ya san irin takalmin da zai nema a gidan talaka. Da takardar nan aka yi mini tawa, aka yi wa 'ya'yana. Ina ba su tatsuniyar, amma da kada ya kai gaci nake tsayawa. Rantsuwar ba ta fita a bakina.