Mutumin da Wemin Ya Ɗauka Don Ya Riƙa Musa Masa

Wemin Kaupa mutumin duwatsun Simbu ne, gajere mai faɗin ƙirji, kunnensa na hagu kuwa rabi ne. Ɗaya rabin a bakin rafi ya baro shi tun yana saurayi, ranar da danginsa suka fita ɗaukar fansa a kan mutanen tsallake saboda wata gonar kofi. A taron da aka yi kafin a tashi, babban dangi ya ce ta mashigin ƙasa za a bi, kowa ya ce haka ne. Wemin ya san an ga sawun abokan gaba a mashigin nan, wasu ma sun sani, amma wa ya isa ya buɗe baki bayan babba ya rufe nasa? A wajenmu musa wa ɗan'uwa a bainar jama'a daidai yake da tofa masa yawu a fuska. Suna kaiwa tsakiyar ruwa kibau suka sauko musu daga cikin ciyawa. Wani ya kawo wa Wemin sara da gatari, ya kuskure kai ya samu kunne. Wanda ke gefensa mashi ya shige shi ta maƙogwaro, haka Wemin ya ja shi zuwa gaɓa yana shure-shure har ya daina. A wajen makoki kuma, abin takaici, kowa sai raɗa wa na kusa da shi yake yi wai shi dama ya san haka za ta faru.

Wannan raɗa ta fi saran gatarin yi masa ciwo, kuma da ita ya girma. Ya yi leburanci a kan babbar hanyar da ke sauka birnin Lae na bakin teku, ya yi ta cin ƙasa da shebur har wani kamfani ya ba shi shugabancin masu kwashe zaizayar dutse in ta toshe hanya. Ranar da labari ya isa gida, kafin ya sha ruwa 'yan'uwa sun cika masa ƙofa. Ɗan wa, ɗan ƙanwa, surukin kawu, kowa da shebur a kafaɗa. Ya ɗauke su, to ya zai yi? Ƙarfi dai ba a magana, sai dai duk kansu ɗaya ne. In Wemin ya ce dutsen can ya zauna, sai su ce ai tun zamanin kakanni yake zaune. In ya juya ya ce kamar yana motsi, sai su ce su ma yanzu suka ga ya motsa. Tsoro ya riƙa kama shi, don ya taɓa ganin inda irin wannan amshi yake kai mutane.

Da kamfani ya ba shi gurbin mutum ɗaya, sai ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Ya kwashi masu neman aikin ya kai su gindin wani gangare da ruwa ke tsattsafowa ta jikinsa, ya riƙa tambayarsu ɗaya bayan ɗaya, wannan wuri lafiyarsa ƙalau, ko ba haka ba? Kowa ya ce ƙalau. Sai wani dogo siriri da ke tsugune a gefe, wanda ba ma kiransa aka yi ba, ya tofar da jan yawun buwai, ɗan itacen da muke taunawa kamar goro, ya ce, “Kai ne shugaban nasu? To Allah ya jiƙan ma'aikatanka tun yanzu.”

Sunansa Wapi, mutumin kogin Sepik, ya hauro duwatsu sayar da busasshen kifi jari ya karye. A nan take Wemin ya miƙa masa shebur.

Kada wani ya ɗauka Wapi wani mai hangen nesa ne. Ina! Rabin abin da yake faɗa shirme ne. Yana musu a kan yadda ake gasa dankali, shi da bai iya cin sa ba sai yana yatsina fuska. Ya taɓa tayar da jijiyar wuya sai da aka sauke lodin tsakuwa a wani wuri, daga baya aka kwashe da hannu ana zaginsa. Mutanen Wemin suna ce masa ɗan kada, shi kuma yana ce musu masu kan dankali. Amma tunda ya zo, ba a ƙara sa shebur a wuri ba sai an duba sau biyu, ko don a ƙaryata shi. Har samari suka fara cewa ba su yarda ba, da farko ga Wapi, daga baya ga junansu. Wemin yana jin daɗin abin ƙwarai, yana zama a kan dutse yana sauraron gardama kamar mai sauraron waƙa.

Wanda bai ji daɗi ba shi ne Bomai, yayan Wemin uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya so gurbin nan ga ƙanin matarsa. Ya samu Wemin har gida ya ce masa ya ɗauko bare ya ɗora a kan abincin dangi, kuma mutanen kogi kowa ya san maitar da suke tafe da ita a cikin jakarsu. Wemin ya sunkuyar da kai ya yi murmushi. Gaskiyar magana, har lokacin shi kansa bai iya musa wa babba ba. Ya dai samo wanda zai riƙa yi masa.

Ana nan damina ta yi nauyi, dutse ya zubo ya rufe hanya. Manyan motoci suka yi layi, direbobi sai hon da ashar suke yi. Dua, ɗan Bomai, saurayi mai zafin nama, ya ce a fara haƙa ta gindi a buɗe wa motoci gefe ɗaya. Ubansa yana wurin, ya ce maganar yaron daidai ce. Wapi ya daka tsalle ya ce a gaban kowa, “In ka taɓa gindin nan, yau uwarka za ta shafa laka.” Laka kuwa ita matanmu ke shafawa in an yi mutuwa. Wemin ya ɗaga kai ya ga ƙasa na ɗan gangarowa daga sama, ya san wannan karon ɗan kada ne da gaskiya. Ya kalli yayansa, ya kalli direbobi, sai ya ce bari ya dubo ɗaya ɓangaren. Bai yi nisa ba ya ji rugugi a bayansa. Da hannu suka tono Dua, ƙirjinsa ya lotse, bakinsa cike da jar ƙasa.

A ƙasarmu saurayi ba ya mutuwa haka kawai, sai dai an ci shi. A gidan makoki mata suka yi fari fat da laka, uwar Dua ta ɗora yatsanta a kan kututture ta datse gaɓa guda da gatari kamar yadda al'adar makokinmu take. Cikin kukan nan wani ya tuno maganar Wapi. Ta yaya ya san uwar yaron za ta shafa laka in ba shi ya shirya ba? Nan da nan magana ta zagaye, kowa ya ce haka ne. Moro, matar Wemin, ta aika wa Wapi ya gudu tun da sauran hanya. Shi kuwa, da halinsa, ya aiko mata da musu, wai mara laifi ba ya gudu.

Da hantsi suka jawo shi daga bukkar ma'aikata, suna dukansa da gindin adda har filin gari. Suka tuɓe shi suka ɗaure a jikin turke, suka cinna wa tsofaffin tayoyi wuta, suka zura rodin kamfani a ciki. Abin da suke so ɗaya ne, ya faɗi inda ya ɓoye zuciyar Dua ya dawo da ita. Gari kaf yana wurin, har fasto da littafinsa a hammata. Wemin ma yana wurin, a sahun gaba, kusa da yayansa kamar yadda ya dace da ƙanin uban mamaci. Yana kallo rodi ya yi ja. Yana kallo aka manna wa Wapi a cinya, aka manna a ciki, ƙaurin nama ya tashi. Wapi ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Wani ya sare masa agara don kada ya tashi sama, in ji su. Wemin na nan tsaye, yana ta jiran wani ya ce a bari.

Wapi ya ɗago kai da ƙyar, ido ɗaya a rufe da jini, ya nemo shi cikin jama'a. Ya ce, “Maigida, ni dai na gaji. Yau kai za ka yi musun.”

Wemin bai san lokacin da ya fita fili ba. Ya ce mutumin nan ba maye ba ne. Ya ce shi ya ɗauke shi aiki musamman don ya riƙa faɗin abin da su ba sa iya faɗa, kuma abin da Wapi ya gani jiya shi ma ya gani da idonsa, ya juya baya ya tafi. Ya dubi Bomai ya ce, “Yaya, kai ka ce a haƙa, ni na yi shiru. Mu biyu muka kashe Dua.”

Bomai ya yi wani irin gurnani ya kawo masa sara a ka. Wemin ya tare da hannu, adda ta shige ƙasan gwiwar hannun har ƙashi ya rabu. Jini ya yi tsiri ya wanke wa Bomai fuska. Nan mutane suka fara ja da baya, domin jinin bare ana biyan sa da aladu, na ciki ɗaya kuwa ba wanda ya san abin da ake biyan sa da shi. Moro ce ta ratsa ta yanke igiyar, ta ɗaure wa mijinta hannu da ɗankwalinta. Wani direba daga cikin masu jiran hanya ya juya motarsa ya ɗauke su. Wapi ya cika kafin su kai asibiti, kansa a kan cinyar Wemin. Hannun kuma likita ya ƙarasa cire shi.

Kafin a sallame shi an ƙone gidansa, an yanka aladunsa, an sare kofinsa. Yanzu yana wata unguwar bayan gari a Lae, shi da Moro suna sayar da buwai a kan tebur. Amma kafin ya zauna can sai da ya sauke nauyi, don wanda ya ɗauki mutum aiki shi ke mayar da shi gida. Ya bi akwatin gawar a mota, ya bi ta a jirgin ruwa, ya bi ta a kwalekwale har ƙauyen su Wapi. Ya yi zaton za su kashe shi, bai kuma damu ba. Ba wanda ya taɓa shi. Matar Wapi, Tekla, ta sa aka ba shi tabarma da abinci, ta zauna ta saurari labarin tun daga farko, 'ya'yanta na jingine da ita. Ta daɗe tana kallon dungulmin hannunsa, ta ce ta gode da abin da ya bayar. Sannan ta ce tana da tambaya ɗaya. Ita mai girki ce, ta san ƙarfe ba ya yin ja da wuri.

“Duk lokacin da ake jiran ya yi ja, kana ina?”

A kan hanya Wemin ya tanadi amsoshi da yawa, ya neme su ya rasa.

Ya ce, “Ina tsaye a wurin.”

Tekla ta gyaɗa kai. Ta miƙa hannu ta ɗauke kwanon abincin daga gabansa, ta kira 'ya'yanta suka shige ɗaki.