Jirgin da Kawu Pandu ya kifa

Kawuna Pandu Mcha masassaƙin jiragen ruwa ne, sana'ar da ya gada a wajen mahaifinsa. A gindin wani mangwaro yake aiki, nan bakin teku a gabashin tsibirin Unguja. Bai yi boko ba, kuma da taƙi da ido yake awo.

Shekarar da aka fara gina babban otal ɗin ƙauyenmu, wata Baturiya mai zanen gini, Ilariya, ta zana zauren cin abinci mai faɗi, babu ginshiƙi a tsakiya don kada a tare wa baƙi teku. Sau biyu ana ɗora rufin, sau biyu iskar damina tana yaye shi. Washegarin na biyun ta fito tana yawo a rairayi, ido jawur, har ta iske Kawu ya kifa wani jirgi yana toshe shi. Ta durƙusa ta leƙa ciki, ta daɗe. Sai ta sa direbanta ya tambaye shi ko zai iya yin irinsa mai tsawon taku sittin.

"Wane teku za ta shiga da shi?" in ji Kawu.

"Rufi take so, Baba," in ji direban.

Kawu ya yi ta dariya har da hawaye. Amma da ya koma gida sai ya kasa cin abinci. Matarsa, Inna Mwanakombo, ta ce, "Haba Baban Zuhura! Jirgin da ba zai taɓa ruwa ba kake wa fargaba? Tashi ka je."

Wata tara ya yi yana aikin. Ya lanƙwasa katakai kamar haƙarƙari, ya ƙi ƙusar ƙarfe saboda gishiri yana cinye ta, ya ɗaure komai da turakun itace da igiyar kwakwa. Sun yi kwana uku suna gardama da Ilariya a kan wata kafa da ya bari a ƙololuwa don iska ta samu hanyar fita. Shi ya yi nasara. Ganyen kwakwar da aka rufa kuwa, Inna da matan unguwa ne suka saƙa a tsakar gida.

Ranar buɗewa an aiko masa, kunya ta hana shi zuwa. Daga baya na samu aikin wanki a otal ɗin, kuma duk ranar da aka yi hadari sai ya tare ni a hanya.

"'Yata, rufin ya yi ƙara?"

"Ko motsi, Kawu."

Bayan shekara ashirin da shida idon Inna ya tafi. Abin ya dami Kawu ƙwarai, don ba ta taɓa shiga ta ga zauren ba. Na roƙi manaja, ya ce su zo. Suka zo wata Juma'a da la'asar, Kawu cikin farar riga da hula. Ya ja ta har bango, ya ɗora tafinta a kan katakon.

"Bi shi sama. Kin ji yadda ya lanƙwasa?"

Ta shafa, ta shafa, har inda hannunta ya kai. "Nan ka yi ha'inci, tsoho. Akwai kaushi."

"Ranar da aka haifi jikarmu ce. Hankalina yana gida."

Ba ta ɗauke hannun ba. Aka kawo musu shayi, ta kurɓa ta ce babu citta, amma ta shanye. Da za su tafi ya ƙi motar da manaja ya bayar. Suka bi bakin ruwa a hankali, yana riƙe mata takalma.

Shekara biyu bayan nan Kawu ya rasu. 'Yarsu Zuhura ta zo daga birni za ta ɗauki Inna, amma Inna ta ce ita ba ta iya zama inda ba a jin teku. Tana wurina yanzu.